Fim Ɗin Yaƙi a Gidan da Ya Ga Yaƙi

Ranar wata Talata, lokacin hutun ƙarfe goma, ina tsaye a bakin aji sai na ga yara sun rabu gida biyu a filin makaranta, kowa da karan dawa a kafaɗa. Wasan yaƙi tsohon abu ne, mu ma mun yi shi muna yara. Abin da ya tsayar da ni shi ne gardamar da ta kaure kafin a fara. Kowa yana son ya zama Rocky, babu wanda ya yarda a harbe shi. Daga ƙarshe aka tilasta wa mafi ƙanƙantarsu, aka ce shi ne zai mutu. Da aka yi masa "tau! tau!" bai yi irin faɗuwar fim ba, wadda mutum ke juyi sau uku a iska. Durƙusawa ya yi a hankali, ya kifa fuska a ƙasa, hannu ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashin ciki. Duk wanda ya taɓa ganin gawar wanda aka harba ya san wannan kwanciyar. Iyayen yaron daga Tumur suka zo.

Na koyar a Tumur kafin a maido ni Diffa, saboda haka ba sai an ba ni labari ba. Amma ga mai karatu na nesa, bari in tuna masa. Daren Asabar 12 ga Disamba 2020, ana gobe zaɓen ƙananan hukumomi, 'yan Boko Haram suka faɗa wa garin. Aƙalla mutum 27 suka rasu, wasu da harsashi, wasu cikin wuta. Ɗaruruwan gidaje suka ƙone, har da babbar kasuwa. Kafin nan, a Nuwamba 2018, an kashe ma'aikatan haƙar rijiya na kamfanin Foraco cikin dare a nan Tumur ɗin. Kafin nan kuma akwai Bosso, a Fabrairu 2015 da Yuni 2016, lokacin da dubban mutane suka kwaso 'ya'yansu suka zube a bakin hanyar kwalta. Yaron da aka haifa a kwarin Komadugu a 2015 ya buɗe ido ne cikin dokar ta-ɓaci, ya koyi tafiya a garin da aka hana hawa babur.

Waɗannan yaran su ne yau suke kwana kallon finafinan harbe-harbe a waya. Tambayar da iyaye suka fi yi mini a taron makaranta ke nan: "Malam, mu hana su ko mu bar su?" Amsata ita ce hanin ba zai yiwu ba, barin kuma sakaci ne. Abin da ya rage mana shi ne zaɓi, da kuma zama kusa da su lokacin da suke kallo.

Na ce hani ba zai yiwu ba saboda na san yadda fim ke shigowa. Masu biyan kuɗin Netflix a garin nan ana iya ƙirga su da yatsu. Namu Netflix ɗin shi ne saurayin nan mai rumfar cajin waya da tsohuwar kwamfuta, wanda zai cika maka memori da fim ashirin a kan 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan Xender ta raba wa unguwa duka kafin magariba. Ka ƙwace wayar ɗanka, zai je ya leƙa ta abokinsa, kuma can ba ka san abin da ake kunnawa ba.

Akasarin abin da ke cikin memorin nan finafinan Indiya ne masu fassarar Hausa. Ni ma ina kallo, ba zan yi ƙarya ba. RRR na Rajamouli, wanda ya fito a 2022, na kalle shi sau biyu: abota ce tsakanin mutum biyu a zamanin mulkin Turawan Ingila, da faɗan da kowane yaro ya san ƙarya ce tsagwaronta, mutum na jifa da babur kamar dutse. Wannan bai cika damuna ba, in ban da wurin bulalar nan da ya kamata a tsallake wa ƙanana. Wanda ke damuna shi ne irin KGF, inda Rocky ɗin da yarana ke rububi ya fito. Ku dubi ginin labarin. Yaro ne talaka, mahaifiyarsa ta rasu cikin rashi, ta sa shi alƙawarin kada ya mutu sai yana mai dukiya. Hanyar da ya bi ya cika alƙawarin ita ce kisa, kuma duk kisa ɗaya da ya yi sai kiɗa ya ƙara tashi, mutane su ƙara durƙusa masa. Ɗan Kano ko Yamai da ya ƙoshi zai kalla ya yi barci. Amma yaron da ke kwana a bukkar leda, wanda gonar tattasan mahaifinsa ke bakin kogi inda ba a iya zuwa, wannan saƙon ya taɓa jin irinsa. Da shi aka ja yayyensa daji: ga babur, ga kuɗi, ga mata, kuma za a ji tsoronka.

Haka finafinan Amurka irin Extraction na 2020 da na biyunsa na 2023, waɗanda Chris Hemsworth ya fito a ciki. Aiki ne na gwanaye, a na biyun akwai faɗan da aka shirya shi kamar ba a yanke kyamara ba har minti 21. Babba zai iya kallo ya huta gajiya. Sai dai ka gwada ƙirga mutanen da suka faɗi cikin minti 21 ɗin, ka ga ko akwai ɗaya da aka nuna maka uwarsa. A wurina ma'aunin fim ɗin yaƙi ke nan. Yawan jini ba shi nake dubawa da farko ba. Ina duba ko wanda aka kashe mutum ne mai suna da dangi, ko kuwa buhu ne da aka jera don jarumi ya bi ta kai.

Da wannan ma'aunin, fim na farko da nake so kowane malami ya gani shi ne All Quiet on the Western Front, na Bajamushe Edward Berger, wanda Netflix ta saki a 2022, ya kuma ci kyautar Oscar huɗu a 2023. Daga littafin Erich Maria Remarque na 1929 aka ɗauko shi, littafin da 'yan Nazi suka ƙona a 1933. Na ce malami musamman, don mai laifin farko a fim ɗin ɗan uwanmu ne. Shi ne ya tara ɗalibai a makaranta ya zuga su da daɗin baki, cewa su ne ƙarfen ƙasa, cikin 'yan makonni za su shiga Paris. Paul, ɗan shekara 17, har sa hannun iyayensa ya ƙirƙira a takarda don kada abokai su tafi su bar shi. Da aka miƙo masa kakin soja sai ya ga sunan wani a jiki, ya ce an yi kuskure. Jami'in ya yage sunan ya yar, ya ce wa wancan ya yi kaɗan ne. Mu masu kallo mun riga mun ga inda kakin ya fito: an tuɓe shi daga jikin gawa, an wanke jinin, an ɗinke hujin harsashi.

Akwai wani wuri a fim ɗin da ya fi duk wata nasiha da na taɓa yi a aji. Paul ya faɗa rami ɗaya da sojan Faransa, ya daɓa masa wuƙa, amma mutumin bai mutu nan take ba. Dole ya zauna da shi yana jin kakarinsa. Ya cusa masa ƙasa a baki don ya yi shiru, daga baya ya dawo yana goge masa bakin, yana ba shi ruwa, yana neman gafara. Da ya cika, ya laluba aljihunsa ya tarar da hoton matarsa da 'yarsa. Na kalli wannan da samari huɗu 'yan lise a ɗakina. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ce "kai, jarumi!" Ɗayansu ya ce, "Mushe, ashe haka yake da wuya?" Fim ne na manya da samarin da suka haura sha shida, yana da tsawo, kuma da Jamusanci ake magana, sai an bi rubutun Faransanci ko Turanci a ƙasa.

Na biyu ya fi kusa da mu. Tirailleurs, na Mathieu Vadepied, ya fito a gidajen sinima na Faransa a Janairu 2023. Omar Sy ne ya fito a matsayin Bakary Diallo, Bafulatani makiyayi a Senegal. A 1917 Faransawa suka kama ɗansa Thierno da ƙarfi zuwa yaƙin duniya na farko, shi kuma uban ya ɓoye shekarunsa ya shiga soja don kawai ya dawo da yaron gida da rai. Yawancin maganar fim ɗin da Fulatanci ake yi. Na Senegal ne, ya bambanta da namu na gabas, amma wani dattijo ɗan Tumur da muka kalla tare ya riƙa tsintar kalmomi yana gyaɗa kai. Abin da ya sa nake ba iyaye shawarar wannan fim shi ne abin da ya faru tsakanin uban da ɗan a bakin daga. Wani matashin hafsa Bature ya ja yaron a jiki, ya yaba masa, ya ba shi igiya, har ya zama yana gaba da mahaifinsa a muƙami. Uban na shirin gudu, ɗan kuma ya fara jin daɗin a kira shi namiji. Duk uban da ya taɓa ganin ɗansa na sauraron wani a waje fiye da shi zai gane wannan ciwon. Ga malamin tarihi kuma dama ce ta gaya wa yara cewa sunan "Senegal" ne kawai a kan waɗannan sojojin, amma daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su, har da Nijar. Wannan za a iya kallonsa da ɗan kwaleji, in babba na zaune.

Yanzu bari in faɗi kuskurena, don kada wani ya maimaita. Shekarun baya akwai yaron da aka ba ni riƙo, yana karatu a nan Diffa, iyayensa na ƙauye. Wani dare na kunna mana Beasts of No Nation, fim ɗin 2015 da aka ɗauka a Ghana, wanda Idris Elba ya fito a matsayin kwamandan 'yan tawaye, Abraham Attah kuma yaro Agu da aka mayar soja. Niyyata darasi. Na ce bari su ga yadda ake lalata yaro, su ji tsoron abin. Da aka zo wurin da aka jera mazan garin za a harbe, har da mahaifin Agu, sai na ji an buɗe ƙofa. Na ɗauka fitsari ya fita. Bayan rabin sa'a maiɗakina ta same shi a bayan garken awaki, a tsugune, jikinsa na rawa. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ni da nake taƙama na san yaran nan, ban taɓa tambayar yadda kawunsa ya rasu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Fim ɗin yana da kyau ƙwarai, kuma har gobe ina cewa malamai da iyaye su gan shi. Amma su kaɗai, bayan yara sun kwanta.

A wannan sahun na manya zalla nake sa finafinai biyu da suka taɓo ciwonmu kai tsaye. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, na 2020, da Hausa da Fulatanci aka yi shi, a jihar Taraba aka ɗauka, kuma shi Najeriya ta aika gasar Oscar. Mai fim ɗin ya ce hoton matan Fulani masu tallan nono da ke bayan takardar naira goma ne ya ba shi tunanin labarin, takardar da mu ma nan muka saba da ita a kasuwa. 'Yan uwa mata biyu ne, Aisha da Zainab, aka sace su. Ɗaya ta kuɓuta ta koma neman 'yar uwarta, sai ta tarar da ita ta zama 'yar gida a wurin masu dajin. Maryam Booth ce ta fito a Zainab, ta kuma ci kyautar AMAA da wannan rawar. Ɗayan shi ne Sira na Apolline Traoré 'yar Burkina Faso, wanda ya zo na biyu a FESPACO ta 2023: budurwa Bafulatana da aka tare ayarinsu a hanyar kai ta gidan miji, aka kashe mazan, aka yi mata fyaɗe aka yar da ita a sahara. Mu da muka san an kwashe mata da yara 39 a Ngalewa a Yuli 2017, ba za mu kalli waɗannan kamar labarin wata duniya ba. Amfaninsu gare mu shi ne su sa mu sake tunani a kan yadda muke kallon macen da ta dawo daga daji da goyo, da abin da 'ya'yanmu ke kiran wannan goyon a filin wasa.

Wata abokiyar aikina ba ta yarda da ni ba ko kaɗan. Ta ce yaƙin da muka gani da ido bai ishe mu ba, sai mun sayo wani a memori? A kunna wa yara ban dariya da ƙwallo, a bar su su manta. Ga 'yan firamare, gaskiyarta, na sallama. Ɗan shekara takwas ba shi da abin yi da ramin Paul. Inda muka rabu da ita shi ne samari. Na taɓa karɓe wayar wani ɗalibi a aji, da na duba sai na ga fim ɗin Indiya da bidiyon yankan mutum na gaske, irin wanda ake yaɗawa a WhatsApp, suna jere wuri ɗaya. Masu shirya irin waɗannan bidiyoyin sun koyi aikin ne daga finafinan faɗa: tafiya a hankali, ƙura na tashi, waƙe na bin hoto. Yaron da bai taɓa zama da babba an warware masa yadda hoto ke yaudara ba, da me zai bambance? Shirun da muke yi ba ya sa su manta. Wani ne kawai yake yi musu bayanin a madadinmu.

Shi ya sa nake son Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ko da yake tun 2014 ya fito. Ya tuɓe wa masu bindiga rigar kwarjini. Sun hana ƙwallo, amma ga su a zaune suna gardamar Zidane da Messi. Sun hana taba, amma babbansu na laɓewa bayan tudun yashi yana zuƙa. Limamin garin, dattijo mai sanyin murya, ya tare su da suka shigo masallaci da takalma da makamai, kuma duk lokacin da suka yi zancen addini da shi sai ka ga wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba. Akwai wurin da samari ke buga ƙwallo ba ƙwallo, suna gudu, suna ba juna, suna murnar ci, wanda in ka nuna wa aji sau ɗaya za su yi mako suna zancensa. Tushen labarin ma rigima ce tsakanin makiyayi da masunci a kan saniyar da ta shiga koma, abin da duk ɗan bakin Komadugu ya san yadda yake farawa. A tsallake wurin jifan nan in akwai ƙanana.

Sai kuma Daratt na maƙwabcinmu Mahamat-Saleh Haroun ɗan Chadi, na 2006. An sanar da afuwa ga masu laifin yaƙi a rediyo, sai kaka makaho ya miƙa wa jikansa Atim bindiga, ya ce ya je Njamena ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa. Yaron ya sami mutumin yana gasa burodi, ya shiga aiki a wurinsa da bindigar a jiki. Kusan babu harbi a fim ɗin, amma ban san wani fim da ya fi shi sa mutum riƙe numfashi ba. Tun da gwamnati ta yi tayin afuwa a ƙarshen 2016 aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, tambayar Atim ta zama tamu. Akwai ɗalibaina da ke wucewa kullum ta gaban wanda suke zargi da jinin gidansu. Ban san littafin makaranta ko ɗaya da ya taɓo wannan ba.

Da na ambaci Gudumariya, a nan aka haifi Abdoulaye Mamani a 1932, marubucin littafin Sarraounia, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986 ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin sarauniyar Lugu ne da ta tsaya wa ayarin Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ya ƙone garuruwan Hausa a hanyarsa ta zuwa tafkin Chadi. Ɗan jiharmu ne ya rubuta, amma na tambayi aji guda na 'yan shekarar ƙarshe, biyu kacal suka taɓa ganin fim ɗin. Rocky kuwa har salon tafiyarsa sun haddace.

Dalilin a fili yake, kuma laifin ba na yara ba ne. Rocky yana jin Hausa. Paul da Atim da Bakary ba sa ji. Yaron da ke fama da karatun Faransanci ba zai bi rubutu mai gudu a ƙasan ƙaramar waya ba. Ina roƙon masu fassarar finafinai na Kano, waɗanda suka nuna gwanintarsu a kan na Indiya, su nemi izinin masu waɗannan finafinan su sa musu Hausa. Kasuwa tana nan, daga Maiduguri har Gigimi. Kafin nan, aikin namu ne. Ni yadda nake yi, ina fara kallon fim ni kaɗai daga farko har ƙarshe, in rubuta mintin da zan tsallake, ko don tsiraici ko don abin da ya yi kama da wanda wani a ɗakin ya gani. Ina tambayar uwar yaro abin da ya faru da gidansu kafin in gayyace shi. Da rana muke kallo, ƙofa a buɗe, in rage ƙarar harbi, don sau da yawa sautin ne ke tayar da abin fiye da hoton. Ina gaya musu tun farko cewa duk wanda ya ji ba daɗi ya fita, ba wanda zai yi masa dariya. Ina tsayar da fim in fassara, in yi tambaya: wa ya aiko wannan yaron, shi wanda ya aiko shi yana ina yanzu, me ya ci da daren nan? A fim ɗin Berger amsar tana nan a hoto, janar na zaune gaban tebur cike da nama yana jefa wa karensa, sannan ya ba da umarnin a kai hari saura minti goma sha biyar a tsagaita wuta.

Kwamitocin iyaye na makarantunmu suna da abin yi a nan. Majigi ɗaya da faranti mai hasken rana ɗaya sun isa makarantu uku su riƙa karɓa-karɓa ranar Laraba da yamma, tunda ba a karatu. Na kai wannan shawarar taronmu na baya. Wani uba ya ce shi bai aiko ɗansa lakwal don kallo ba. Na ce masa, "Alhaji, yana kallon, sai dai ba ka wurin." An ɗage maganar zuwa zama na gaba, amma ya karɓi memorin da na sa masa Tirailleurs a ciki, ya ce zai fara gani tukuna.